Bin Sawun Ɗan Reshe a Ƙasar Ayalan

Kwana uku da saukata a Dablin, ina zaune a falon ƙanwata da kofin shayi a hannu, sai Ummi ta dawo daga makaranta ta baje littattafanta a kan tebur. Shekararta tara, a can aka haife ta, kuma sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa babu mai kiran sunanta na yanka. Na leƙa abin da take rubutawa. Baƙaƙen boko ne irin namu, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ga "bhf" a farkon kalma, ga "mh" a tsakiya, ga 'yan sanduna a kan wasula. Na ce, "Ummi, wannan kuma wane yare ne?" Ta ɗago kai ta amsa mini da Turanci cewa Gaeilge ne, harshen ƙasar. Sai ta gaishe ni da shi: "Dia duit, Kawu." Ma'anarsa, in ji ta, Allah ya kasance tare da kai.

Har zuwa ranar, ni dai na ɗauki mutanen Ayalan a matsayin Turawan Ingila da teku ya raba da 'yan'uwansu. Na ga rubutu biyu-biyu a allunan filin jirgi da goshin motocin bas, Baile Átha Cliath a nan, sunan birnin na Turanci a can, amma tunda Turanci kawai nake ji a bakin mutane ban kawo komai a raina ba. A cikin littafin Ummi akwai hoton wani dattijo mai gashin baki da ya rufe masa leɓe ruf. Ta ce Douglas Hyde ne, shugaban ƙasarsu na farko, wanda ya hana harshen mutuwa. Mijin ƙanwata, wanda ya shekara goma sha biyu a ƙasar, ya ce, "Yaya, ai kabarinsa yana bakin hanya a yamma, na sha wucewa ta wurin. Ranar Asabar ba ni da aiki. In kana so mu je." Ni malamin makaranta ne, harshe nake koyarwa, ba sai an roƙe ni ba.

Muka fita da sassafe, watan Yuni ne, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Mu uku ne da Ummi, ƙanwata tana bakin aiki. Muka bi ta Mullingar da Longford, muka ƙetare kogin Shannon a Tarmonbarry, muka shiga gundumar Roscommon. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kore shar, shanu da tumaki ko'ina, ga fadamu masu baƙar ƙasa da ake yankowa a shanya ta bushe a yi makamashi da ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarancin mutane. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba, sai kufan gidajen dutse da ciyawa ta cinye.

A Strokestown na gane dalili. Gari ne ƙarami mai titi ɗaya faffaɗa, a ƙarshen titin akwai ƙofar wani tsohon gidan mai gandu, inda yanzu aka kafa gidan tarihin Babbar Yunwa, wadda su suke kira An Gorta Mór. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, alhali shi ne tuwon talaka safe da dare. Ƙidayar 1841 ta samu mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Cikin 'yan shekaru kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsallaka teku. Roscommon kaɗai ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arta a shekara goma. A watan Mayu na 1847 an tasa mutum 1,490 daga wannan gandu, maza da mata da yara, suka taka da ƙafa kilomita 165 zuwa Dablin, daga nan aka kai su Liverpool, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Kanada, da yawansu ba su isa da rai ba. A kan hanyar da suka bi an kakkafa 'yan takalman yara na tagulla don tunawa. Ummi ta tsuguna ta gwada tafin hannunta a kan ɗaya. Mai gandun, Manjo Denis Mahon, harbe shi aka yi a watan Nuwamba na wannan shekarar.

Waɗanda yunwar ta fi kashewa talakawan yamma ne, kuma su ne masu magana da Gaeilge. Waɗanda suka tsira suka duba suka ga 'ya'yansu Amurka za su tafi ko Ingila, can kuwa harshen kakanni ba ya saya wa mutum ko burodi. Sai iyaye da kansu suka shiga raba 'ya'yansu da shi. A nan na fara jin labarin wani ɗan itace da suke kira bata scóir. Rataya shi ake yi a wuyan yaro, duk lokacin da aka ji ya yi Gaeilge sai a yi wa itacen tsaga, a ƙarshe a ƙirga tsagar a ba shi bulala daidai da ita. Wani lokacin uban yaron ne yake yin tsagar a gida, malami ya yi dukan a makaranta. Jikina ya yi sanyi, domin a makarantarmu ta kwana monita yana da takardar da yake rubuta sunan duk wanda ya kama yana Hausa, ran Juma'a a kira sunaye. Na san yadda yaro yake haɗiye maganar da ta zo masa baki. Ƙidayar 1851 ta nuna masu jin Gaeilge kusan miliyan ɗaya da rabi. Zuwa 1891 sun koma wajen 680,000, akasarinsu tsofaffi.

A tsakiyar wannan zaizayewa aka haifi Hyde, ranar 17 ga Janairu 1860, a Castlerea. Muka wuce Tulsk, muka wuce Frenchpark, 'yan kilomitoci kaɗan gaba mijin ƙanwata ya rage gudu ya gangara gefen titi. Portahard ke nan: ɗan ƙaramin coci na dutse, lambu, da maƙabarta a bayansa. Ana yayyafi mai laushi irin wanda ba ya jin kamar ruwa sai ka tarar rigarka ta jiƙe.

A wannan cocin mahaifinsa, Arthur Hyde, ya yi limanci tun daga 1867. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a labarin mutumin. Gidansu 'yan Furotesta ne, masu Turanci, daga ajin da ke da filaye da mulki da goyon bayan Landan. Talakawan da ke kewaye da su 'yan Katolika ne. Babu abin da ya haɗa ɗan limamin coci da yaren masu yankan fadama, a ganin mutanen gidansu yaren barori ne. An kai shi makaranta a wajen Dablin yana ɗan shekara goma sha uku, ƙyanda ta kama shi bayan 'yan makonni, aka dawo da shi gida, daga nan a gida ya yi karatu. Yaro mai yawan lokaci a ƙauye, sai ya maƙale wa wani dattijo mai suna Seamus Hart, mai gadin dajin farauta. Tare suke yawon harbin tsuntsaye da kamun kifi, a bakinsa yaron ya fara tsintar kalmomi. Bai san yadda ake rubuta su ba, sai ya riƙa rubutawa yadda kunnensa ya ji, a littafin da yake ajiye abin da ya faru kullum. Hart ya rasu Hyde bai cika shekara goma sha shida ba, kuma da Gaeilge yaron ya rubuta baƙin cikin rashinsa a wannan littafi, da harshen da mamacin ya ba shi.

Cocin yanzu an mayar da shi wurin ajiye tarihin Hyde, da hotuna da wasiƙu da littattafai. Na fi daɗewa a gaban hotunan ƙuruciyarsa fiye da na shugabancin ƙasa. Ina ta ƙoƙarin hango shi yana sunkuyawa ya shiga 'yan bukkokin nan masu hayaƙi, ya zauna a bakin murhu da fensir, tsohuwa tana rera waƙa shi kuma yana cewa ta maimaita baitin. Suna da al'adar hirar dare kamar tamu, a taru a gidan wani bayan an ci abinci, mai tatsuniya, wanda suke kira seanchaí, ya buɗe da "fadó, fadó", wato da can da can. Sai dai a lokacin Hyde yaran gidan sun daina zama su saurara, baƙo ɗan masu mulki shi ne ya zo ya zauna. A 1890 ya buga tarin tatsuniyoyin da ya ɗebo, Gaeilge a shafi ɗaya, fassara a ɗayan, ya kuma faɗi sunayen waɗanda suka ba shi labaran da garuruwansu. A 1893 ya fitar da waƙoƙin soyayya na lardin Connacht, waɗanda suka sa masu ilimin Dablin suka gane cewa tsofaffin da suke rainawa suna riƙe da adabi a ka. Da wani laƙabi yake sa hannu, An Craoibhín Aoibhinn, kyakkyawan ɗan reshe, har ya zama mutane da yawa da shi suka san shi.

Ina tsaye a wurin na tuna wani abu da ya haɗa mu da tsibirin nan. Tarin tatsuniyoyin Hausa na Frank Edgar, mujalladi uku, waɗanda malamai suka rubuta da ajami aka juya su zuwa boko, a Belfast aka buga su tsakanin 1911 da 1913. Gizo da Ƙoƙi suna fitowa daga injin ɗab'i a arewacin tsibirin, a daidai shekarun da ake fafutukar ceto tatsuniyoyin 'yan ƙasar.

Kabarin yana bayan cocin, cikin na danginsa, da matarsa Lucy da 'yarsa Nuala wadda tarin fuka ya kashe a 1916. Ba wani gini a kansa, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Wani dattijo ne ya nuna mana, mun same shi yana gyara furanni a wani kabari can gefe, da hular ulu da takalmin roba. Ummi ta gaishe shi da Gaeilge. Ya miƙe tsaye, ya dube ta, ya amsa da "Dia is Muire duit", wato Allah da Maryamu su kasance tare da ke, domin haka ake amsawa. Ta ƙara masa wata jimla, sai ya ɗaga hannu ya koma Turanci. Ya ce abin da ya rage masa cúpla focal ne kawai, 'yan kalmomi biyu-uku. Kakarsa da harshen take addu'a, in ji shi, kuma da shi take magana da maƙwabciyarta in ba sa son yara su ji. Ya yi shekaru ana koya masa a makaranta, ya fita, ya tafi aikin gini a Ingila, ya dawo babu komai a bakinsa. Ya sake duban Ummi ya ce yarinyar nan ta fi shi harshen kakarsa. Ba da wasa ya faɗa ba, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ya tambaye ni wane harshe muke yi a gida, ko shi ma yana cikin haɗari. Na ce Hausa, masu yin ta miliyoyi ne barkatai, daga Kano har Agadas har Kumasi har Sudan, gidajen rediyon duniya suna watsa labarai da ita. Na faɗa da alfahari, ya ce mun yi sa'a. Sai da muka koma mota maganar ta dawo mini. Kakata ta wajen uba Fulatanci take yi. Takan yi mini magana da shi ni kuma in amsa da Hausa, har ta gaji ta koma Hausa gaba ɗaya. Yau ban da gaisuwa da ƙirgen ɗaya zuwa biyar ba ni da komai. A Bauchi da Filato da kudancin Kaduna akwai ƙananan harsuna da yawa da yaran yanzu ba sa yi, kuma Hausa ce ta maye gurbinsu. A labarin dattijon nan, ashe, ni ina gefe biyu ne. Ban gaya masa wannan ba, kuma har yau ina jin da na gaya masa.

A hanyar Castlerea mijin ƙanwata yana tuƙi, ni ina karanta musu abin da na kwafo a cocin. Hyde ya yi karatu a kwalejin Trinity ta Dablin, ya ƙi bin sawun mahaifinsa ya zama limami, ya yi shekara guda yana koyarwa a New Brunswick ta Kanada, ya dawo. Ranar 25 ga Nuwamba 1892 ya tsaya gaban wata ƙungiyar adabi a Dablin ya yi laccar da ta canza komai. Bai tsaya ga zargin Ingila ba, mutanensa ya fuskanta. Ya ce ga al'umma tana cewa ta tsani mulkin Ingila, amma tana rige-rigen kwaikwayon Ingila a harshe da tufafi da waƙa da wasanni, har da sunaye. Lokacin an saba mai suna Diarmuid ya koma Jeremiah, Domhnall ya koma Daniel. Wata takwas bayan haka, ranar 31 ga Yuli 1893, shi da Eoin MacNeill da wasu 'yan tsiraru suka zauna a wani ɗaki a titin da yanzu ake kira O'Connell, suka kafa Conradh na Gaeilge, ƙungiyar farfaɗo da harshen. Hyde ya zama shugabanta, ya riƙe ta shekara ashirin da biyu.

Kafin su akwai ƙungiyoyin da ke nazarin tsofaffin rubuce-rubuce, kamar masu wankan gawa. Wannan kuwa cewa ta yi a yi magana da harshen. Aka buɗe azuzuwan dare, akawu da tela da 'yan mata masu aikin kanti suna zuwa bayan an tashi aiki. Malamai suna yawo a kan keke daga ƙauye zuwa ƙauye cikin ruwan sama. Wani limamin Katolika, Eoghan Ó Gramhnaigh, ya rubuta darussa masu sauƙi a jarida waɗanda dubban mutane suka fara da su, ya rasu a Amurka a 1899 yana da shekara 36. Zuwa 1904 rassan ƙungiyar sun kai wajen 600. Suna jayayya da gidan waya kan a karɓi wasiƙa mai adireshin Gaeilge. A 1905 aka ci wani mutumin Donegal tara saboda ya rubuta sunansa da Gaeilge a jikin amalankensa, wani matashin lauya mai suna Patrick Pearse ya tsaya masa a ɗaukaka ƙara, suka sha kaye, amma labarin ya bazu ko'ina.

Faɗan da ya fi burge ni shi ne na 1899. Manyan farfesoshin Trinity, Mahaffy da Atkinson, suka gaya wa kwamitin ilimi cewa babu abin kirki a adabin Gaeilge da ya cancanci a koya wa yara. Kwalejin da ta yaye Hyde ke nan. Bai yi zagi ba. Ya rubuta wa masanan Jamus da Faransa da Denmark da suka ƙare rayuwarsu kan tsohon harshen, irin su Kuno Meyer da Windisch da Zimmer, ya tattaro amsoshinsu ya ajiye gaban kwamitin. Harshen ya tsira a manhaja. Daga baya suka ci wani yaƙin, aka wajabta Gaeilge ga mai son shiga Jami'ar Ƙasa daga 1913. Tsakanin 1905 da 1906 ya zagaye Amurka gari-gari, ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt, ya dawo wa ƙungiyar da sama da dala 50,000. Daga 1909 zuwa 1932 yana farfesan Gaeilge na zamani a jami'a a Dablin.

Burinsa shi ne harshen ya zama inuwar da kowa zai shiga, ɗan Katolika da ɗan Furotesta, mai son sarautar Ingila da mai son a rabu. Bai samu haka ba. Samarin da suka koyi harshen a azuzuwan dare suka koyi wani abu tare da shi, suka fara tambayar me ya sa baƙo yake mulkinsu. A taron ƙungiyar na Dundalk a 1915 aka shigar da neman 'yancin ƙasa cikin manufofinta, Hyde ya ajiye shugabanci ya fita. Shekara ta zagayo aka yi wa mulkin Ingila boren Ista na 1916, da yawa daga jagororinsa 'yan ƙungiyar ne, aka harbe Pearse a watan Mayu. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ina ganin Hyde ya hango gaskiya, domin har yau a arewacin tsibirin akwai waɗanda suke kallon harshen a matsayin tutar ɓangare ɗaya, sai a 2022 ya samu dokar da ta amince da shi a can. Amma kuma ban ga yadda za ka cire wa mutum kunyar harshen uwarsa ka ce ya ci gaba da sunkuyar da kai a sauran al'amura ba.

Muka yi sallar azahar da la'asar a gefen wani gidan mai kusa da Tuam, muka ci abin da ƙanwata ta ƙulla mana. Daga Galway muka bi gaɓar teku zuwa yamma. Ba a jima ba sai ga allo an rubuta An Ghaeltacht, wato yankin masu magana da Gaeilge, daga nan Turanci ya ɓace daga allunan hanya. Ƙasar ta canza, duwatsu ko'ina, gonaki ƙanana kamar tabarma kowace da katangar dutse, tsibiran Aran suna can kwance a cikin hazo. Muka wuce An Spidéal, muka wuce Baile na hAbhann inda gidan talabijin na TG4 yake tun 1996, da Casla inda rediyon Gaeltacht yake watsa shiri tun 1972. Mijin ƙanwata ya kamo tashar. Ana sanarwar rasuwa, sunan mamaci da ƙauyensa da lokacin jana'iza, da irin muryar da ake yin ta a gidajen rediyonmu.

A wani kanti a An Cheathrú Rua na ji abin da na zo nema. Wata mata tana biyan kuɗi, ɗanta ɗan shekara huɗu ya ɗauki alewa, ta juya ta balbale shi da faɗa da Gaeilge, shi kuma ya ɓare baki yana kare kansa da Gaeilge, mai kantin ta sa baki tana ba shi haƙuri. Ban fahimci ko kalma ba, amma duk abin da na gani a allo da gidan tarihi bai kai wannan rigimar alewa ba. Harshen yana da kauri a maƙogwaro, yana gudu kamar ruwa a kan tsakuwa. Ummi ta kasa kunne ta ce sun fi malamarsu sauri nesa ba kusa ba. A mota ta yi ta koya mini. Ba su da kalmar "e" ko "a'a", sai dai ka maimaita aikatau. In kana jin yunwa cewa za ka yi yunwa tana kaina, in kana da littafi ka ce littafi yana gare ni, kusan yadda mu ma muke faɗa. Suna cewa "le cúnamh Dé", da taimakon Allah, a inda za mu ce in Allah ya yarda, da "buíochas le Dia" a inda za mu ce alhamdu lillahi.

Alƙaluman dai ba su da daɗin ji. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya Gaeilge, amma masu yin sa kullum a wajen makaranta ba su cika 72,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. A yankunan Gaeltacht ɗin kansu dubu 20 ne da 'yan kai. Tsarin mulkin 1937 ya sa shi harshen hukuma na farko, Tarayyar Turai tana aiki da shi, kusan kowane yaro yana karanta shi shekara da shekaru. Gwamnati ta ɗora wa makaranta kayan da uwa ce kawai take iya ɗauka, ga kuma samarin yamma suna barin ƙauye saboda rashin aiki da tsadar gida. Wani zai ce Hyde ya gaza. Ni ban yarda ba. Ya tarar da harshe da masu shi suke ɓoyewa kamar kuturta, yau ga iyaye a Dablin da Belfast suna layin sa 'ya'yansu a makarantun da komai da shi ake koyarwa. Matar kantin nan ba ta rage murya ba da ta ga baƙi.

Kwana biyu kafin in taso, ƙanwata ta samu hutu muka shiga gari. Muka bi ta lambun Phoenix Park muka hango fadar shugaban ƙasa, Áras an Uachtaráin. Jam'iyyu duka suka amince da Hyde ba hamayya, aka rantsar da shi ranar 25 ga Yuni 1938, yana da shekara 78, da Gaeilge ya yi rantsuwar. Bai cika wata shida ba ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA ta cire shi daga jerin iyayenta, saboda ya je kallon ƙwallon ƙafa tsakanin Ayalan da Poland, wasan da dokarsu ta lokacin ta ɗauka na baƙi. Mutumin da ya yi ta kiran a koma ga na gida aka yi wa haka. Yau babban filin wasan ƙungiyar a garin Roscommon sunansa yake ɗauke da shi. A 1940 ɓarin jikinsa ya shanye, ya ƙarasa wa'adinsa a keken guragu har 1945, ya rasu ranar 12 ga Yuli 1949 a wani gida cikin wannan lambun.

A babban cocin St Patrick aka yi masa addu'ar jana'iza. Da yake cocin Furotesta ne, kuma dokar cocin Katolika ta lokacin ta hana mabiyanta shiga, Firayim Minista da kusan duk ministocinsa a waje suka tsaya suna jira a fito da gawar. Na tsaya a titin ina duban inda motocinsu za su kasance sun jeru, abin ya yi mini ciwo kamar na san shi. Daga nan aka ɗauke shi zuwa Portahard, kusa da inda Seamus Hart ya koya masa sunayen tsuntsaye. A cikin cocin akwai allon tunawa da shi, da Gaeilge aka rubuta. Ummi ta bi shi da yatsa tana karantawa a hankali, tana fassara abin da ta gane zuwa Turanci.

Ina kallonta sai na lura da abin da na kwana goma ina ji ban kula ba. Uwarta ta ce mata da Hausa, "Ummi, ɗaure igiyar takalminki kada ki faɗi." Ta sunkuya ta ɗaure, ta amsa da Turanci. Duk abin da aka faɗa tana ji, amma tun da na zo, ban da "Kawu" da "ina kwana" ban ji Hausa ta fito daga bakinta ba. Na dubi ƙanwata, ta kawar da kai ta ce, "Yaya, wallahi muna ƙoƙari. In na dawo daga aikin dare ba ni da ƙarfin ja da ita."

Da daddare, rana ba ta gama faɗuwa ba, Ummi ta zo ta zauna kusa da ni da bargonta. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ta yi shiru tana kallona. Daga kicin uwarta ta amsa, "Ta zo mu ji ta." Na sake faɗa, na jira. A karo na uku Ummi ta amsa, harshenta yana tuntuɓe a kan "ji". Na fara mata labarin Gizo da Ƙoƙi, duk inda ta tambayi ma'anar kalma da Turanci sai in nuna mata da hannu in ci gaba da Hausa. Da na kai inda Gizo yake magana da tsamin bakinsa ta fashe da dariya ta ce, "Kawu, sake."